Kiwon Ciyawar Filin Wasa

Da wuya a sami makaranta a ƙasar Dutse wadda ba ta da filin wasa, ko da ƙarami ne. Amma in kun zaga makarantu, tun daga Garu da Limawa har zuwa Kiyawa da Jahun, za ku ga filayen nan ba ɗaya suke ba. Wani, in damina ta yi tsakiya, ciyawarsa takan kai gwiwa, ƙwallo ya shiga ya ɓace, yara kuma su riƙa tsoron maciji. Wani fayau yake kamar masussuka, in aka fara wasa sai ƙura ta turnuƙe har mai tsaron gida ya kasa ganin abokan wasansa. Wani kuwa ƙarangiya ta gama cinye shi, ba mai iya taka shi ba takalmi. Filin kirki shi ne wanda gajeriyar ciyawa ta rufe shi ruf, kamar an shimfiɗa darduma. Yau za mu koyi yadda ake samun irin wannan fili a ƙasarmu, da yadda ake kiwonsa.

Kada ku yi mamaki don mun ce kiwo. Ciyawa abu ne mai rai. Tana ci, tana sha, tana numfashi, tana kuma gajiya in an matsa mata. Wanda ya san haka ba zai bar ta haka kawai ba, kamar yadda mai tunkiya ba ya ɗaure ta ya tafi ya manta da ita. Ita ma kuwa tana biyan mai kiwonta. Yaron da ya faɗi a kan ciyawa yakan tashi ya kakkaɓe jiki ya ci gaba da gudu, amma wanda ya faɗi a kan tsandauri sai ya kuje gwiwa. Ciyawa tana danne ƙura lokacin hunturu. Da bazara, sa'ad da rairayi ke ƙona tafin ƙafa, wurin da ke da ciyawa ya fi sanyi. Da damina kuma, sa'ad da ruwa ke gangarowa daga duwatsun Dutse da ƙarfi, saiwoyinta suke riƙe ƙasa kada ruwan ya kwashe ta ya bar kwazazzabo a tsakiyar fili.

Kafin mu yi maganar ciyawa, bari mu fara duba ƙasar da za ta tsira a kanta. Kun san an ƙirƙiri Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta. To, mene ne jigawa? Ku tambayi kowane manomi, zai gaya muku jigawa ita ce ƙasar tudu mai rairayi, irin wadda gero da gyaɗa ke so. Irin wannan ƙasa tana da sauƙin huɗa, amma ba ta riƙon ruwa. In ka zuba mata ruwa sai ya zurare ƙasa kamar ka zuba a rariya. Ƙasar fadama kuwa laka ce, tana riƙe ruwa har ya yi mata yawa, in ta bushe kuma ta yi tauri ta tsattsage. Yawancin filayen makarantunmu a kan jigawa suke. Bayan wannan kuma ga gajeriyar damina. Ruwa yakan zauna ne wajen watan Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Daga nan sai a yi kamar wata bakwai ba a ga ɗigo ba.

Ku kwatanta wannan da Ingila, inda aka tsara dokokin ƙwallon ƙafa a 1863. Can babu watan da ba a yin ruwa, rana kuma ba ta da zafi irin tamu. Saboda haka ciyawar da ke yin kyau a filayensu, in an kawo ta Dutse ba za ta ga ƙarshen bazara ba. Dole mu nemi tamu.

Ciyayin dajinmu iri biyu ne. Akwai masu rayuwar damina ɗaya tak, kamar kyasuwa da harƙiya da burburwa da ƙarangiya. Waɗannan su tsiro da ruwan fari, su yi girma da sauri, su zubar da 'ya'ya da kaka, sa'an nan su mutu ƙurmus. Fili mai irin waɗannan kore ne shar a Agusta, amma kafin Disamba ya koma rairayi. Akwai kuma masu daɗewa, waɗanda ganyensu ke bushewa da rani amma gindinsu na nan da rai. Gamba tana cikinsu, sai dai ita tsayi take yi, kuma gindinta dunƙule yake, mai gudu zai yi tuntuɓe da shi. A bar gamba ga masu saƙar zana. Wadda muke nema ita ce kirikiri, wadda a wasu wurare ake ce mata tsarkiyar zomo.

Ku nemi kirikiri a bakin fadama ko kusa da rijiya, inda ƙasa ke da laima. Ku tsuguna ku dube ta da kyau. Ganyenta ƙanana ne sirara. Ba ta miƙewa sama sosai, yaɗo take yi bisa ƙasa. Ku kama reshe ɗaya ku ja a hankali, za ku ga yana da gaɓoɓi kamar na kara, kuma kowace gaɓa da ta taɓa ƙasa ta saki saiwa ta kafa sabon gindi. In kun tona kuma, za ku tarar da waɗansu rassa farare suna tafiya a ƙarƙashin ƙasa, inda rana ba ta kai musu. A cikin waɗannan take ajiye abincinta, kamar yadda manomi ke ajiye hatsi a rumbu. Shi ya sa in rani ya tsananta sai ta bushe ta yi fari, wanda bai sani ba ya ce ta mutu, alhali kuwa barci take yi. Da an yi ruwan fari, cikin 'yan kwanaki sai ka ga ta farka.

Masu lambu ba sa ƙaunar kirikiri ko kaɗan, kuma suna da gaskiya, gama in ta shiga cikin albasa ko tumatir fitar da ita aiki ne ja. Ka sare ta da fartanya, kowane guntu ya zama sabon tsiro. To, wannan taurin kai da ke ba mai lambu haushi, shi ne ainihin abin da mai fili ke so. Sai dai in makarantarku tana da gona ko lambu kusa da fili, ku haƙa ɗan lambatu tsakaninsu, ku riƙa datse duk reshen da ya nemi tsallakawa.

Ba mu kaɗai muka san darajarta ba. A Amurka ana kiranta ciyawar Bamuda, ko da yake ba can ne asalinta ba, daga wannan sashe namu na duniya aka kai ta. Wani masanin tsirrai mai suna Glenn Burton, wanda ya yi aiki a garin Tifton a Jihar Jojiya, ya haɗa ta da wata 'yar'uwarta ta Afirka ta Kudu mai laushin ganye. A 1960 aka fitar da irin da ake kira Tifway, wanda aka shimfiɗa a manyan filayen wasa na ƙasashe masu zafi da yawa. Watau ciyawar da akuyarku ke ci a bakin rijiya dangi ɗaya ce da wadda manyan 'yan wasa ke gudu a kanta.

Ba sai an sayi iri ba, dashe ake yi, kamar na dankali. Lokacin da ya fi kyau shi ne sa'ad da ruwa ya zauna sosai, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Da farko a tsince duwatsu da kwalabe da ƙusoshi da ledoji. A huɗe ƙasa, a tone saiwar tofa da aya-aya a fitar da su waje. A zuba taki wanda ya ruɓe sarai, a cuɗa shi da ƙasa, sa'an nan a baje da manjagara, a cike ramuka, a rage tuddai. Gwanaye sukan ɗan ɗaga tsakiyar fili kaɗan fiye da gefuna, yadda ido ba zai ma lura ba, domin ruwan sama ya gangare gefe kada ya kwanta. Bayan haka a ciro kirikiri, a yanyanka ta guntu-guntu, kowane guntu da gaɓa uku ko huɗu. A dasa a jere, tsakanin rami da rami kamar tsawon rular da ke cikin jakarku, watau santimita 30. A binne rabin guntun, a bar rabi a waje, a danne da ƙafa.

Daga nan sai haƙuri. Wata biyu ko uku kada kowa ya buga ƙwallo a wurin. Wannan shi ne abin da ya fi yi wa yara wuya, amma ga sauƙi: babban hutu yakan faɗo daidai wannan lokaci. In aka gama dashe kafin a tashi hutu, aka raba wa yaran da ke kusa da makaranta aikin cire baƙin ciyayi, kafin a dawo rassan sun miƙa sun haɗu da juna.

Yanzu ga wata tambaya. Me ya sa in an sare kan ɗan itace yakan tsaya da tsayi, amma ciyawa kullum ana yankanta, dabbobi na cinta, ba ta fasa tsirowa? Dalili shi ne, itace daga kan reshe yake ƙara tsawo, ita kuwa ciyawa daga gindin ganye take turowa, can ƙasa-ƙasa. In an yanke sama, gindin na nan yana aikinsa, kamar yadda gashi ke fitowa bayan wanzami ya yi aski. Har ma yankan yakan sa ta daina neman tsayi ta bazu gefe, fili ya ƙara cika.

Amma yanka yana da ƙa'ida. Da ganye ciyawa ke haɗa abincinta daga hasken rana da iska da ruwa. In aka bar ta ta yi tsayi, sa'an nan rana ɗaya aka aske ta ƙwal, an kwashe mata tukunya da murhu gaba ɗaya ke nan, dole ta koma cin abin da ta ajiye, saiwarta ta raunana. Ƙa'idar ita ce kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a lokaci guda. In ta kai santimita 6, a mai da ita 4. Da damina wannan yana nufin yanka kusan kowane mako. Ku da kuke aiki da langalanga, ku lura da hannunku. Yara da yawa sukan kai sara har cikin ƙasa, su tumɓuke gindi, su bar tabo. Wannan noma ne, ba yanka ba. A wasa langalanga ta yi kaifi, a kwantar da ita, ta wuce sama da ƙasa kaɗan. Ku kuma ba juna rata, kada wani ya sari ɗan'uwansa. Ɗan ganyen da aka yanke, in ba shi da yawa, a bar shi a wurin ya ruɓe ya koma taki.

Injin yankan ciyawa da kuke gani a gidajen gwamnati, wani Bature ne mai suna Edwin Budding ya ƙago shi a Ingila a 1830. Ya ga wani inji a masaƙa wanda ke aske gashin ulu don yadi ya yi sumul, sai ya ce abin da ya aske yadi zai aske fili. Kafin wannan, da lauje mai dogon ƙota ake yi, ko kuwa a saki tumaki su yi aikin.

Mun zo ga babbar magana, watau ruwa. Ku ɗauko alli mu yi lissafi. Filin ƙwallon ƙafa irin na manyan wasanni tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa mita 68. In kun ninka su, za ku sami murabba'in mita 7,140. Da bazara, in ana so ciyawa ta zauna kore, kowane murabba'in mita yana shan kimanin lita 5 a yini. Ku ninka kuma: lita 35,700 ke nan. Jarka ɗaya tana cin lita 25, saboda haka ana bukatar jarka 1,428. In kurar mai ruwa tana ɗaukar jarka 12, sai ya yi sawu 119 a yini ɗaya, gobe ma haka. Kun ga dalilin da ya sa koren fili da rani ba abin wasa ba ne. Ƙasar Katar, wadda ta karɓi gasar cin kofin duniya a 2022, hamada ce, da ruwan teku wanda aka cire wa gishiri ta shayar da filayenta, aka kashe kuɗi masu yawa. Makarantar da mutanen unguwa ke layi a rijiyar burtsatsenta don samun na sha, bai kamata ta zubar da wannan ruwa don ƙwallo ba.

To, yaya za a yi? A bar babban fili ya yi barcinsa da rani. Kirikiri ta saba. Abin da ke cutarta shi ne a yayyafa mata ruwa yau, ta farka ta fid da sabon ganye, sa'an nan a daina, rana ta ƙone shi. In an yi haka sau biyu sau uku, rumbunta ya ƙare, ta mutu da gaske. Ko a ba ta sosai, ko a ƙyale ta.

Ɗan ƙaramin wuri kuwa, kamar gaban ofishin hedimasta ko gindin tuta, ana iya riƙe shi kore duk shekara da ruwan da ke malala banza daga bakin famfo. A nan ma akwai dabara. Saiwa bin ruwa take yi. In kullum ana yayyafi kaɗan-kaɗan, saman ƙasa kaɗai ke jiƙewa, saiwoyi su taru a sama, ran da aka yi fashi rana ta gasa su. In kuwa ana ƙosar da ƙasa har ruwa ya nutse, sa'an nan a bari kwana biyu ko uku, sai saiwa ta bi laima zuwa ƙasa, inda zafi ba ya kaiwa. A yi ban-ruwa da sassafe, kafin rana da iska su shanye shi. In kuna so ku san ko ciyawa na jin ƙishirwa, ku taka ta ku wuce, ku waiga. In ta miƙe nan da nan, lafiya lau take. In sawunku ya zauna a kwance, tana neman ruwa.

Akwai kuma abin da ke kashe ciyawa ko da ruwa ya wadata. Ku dubi bakin raga a kowane fili, da tsakiyar fili inda ake take wasa. Nan ne ciyawa ke fara ƙarewa. Ƙasa mai lafiya tana da ƙananan kafofi waɗanda iska da ruwa ke bi su kai ga saiwa. Yawan taku yakan danne kafofin nan, ƙasa ta zama kamar daɓe, saiwa ta shaƙe. Haka hanyar da masu yanke ke bi ta tsakiyar fili, haka kuma, mafi muni, sawun babur da na masu koyon mota. Maganinsa shi ne a sami ƙarfe mai tsini, bayan an yi ruwa ƙasa ta yi laushi, a bi wurin ana huda shi, zurfin kamar tsawon yatsa ko fiye, sa'an nan a share rairayi gauraye da ruɓaɓɓen taki cikin ramukan. In fili yana da yalwa, a riƙa matsar da raga lokaci-lokaci don wuri ya huta. Ranar da aka yi ruwa mai yawa kuma a haƙura da wasa, domin wasan yini ɗaya cikin caɓi yana ɓata aikin wata guda.

Game da taki, na gargajiya ya fi dacewa da jigawa, don yana taimaka wa rairayi riƙon ruwa. Amma sai wanda ya kwana biyu a juji. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona ciyawa, yana jawo gara, kuma cike yake da 'ya'yan ciyayin da dabbar ta ci. In za a sa na zamani, kamfa ko yuriya, wannan aikin malami ne. Kaɗan ake watsawa, a baje shi daidai, lokacin da ake sa ran ruwa. Inda ya taru wuri ɗaya sai ya ƙone ciyawa ta yi ja.

Ƙarangiya da tsidau ba su da magani sai hannu, kuma lokaci ne sirrin. A cire su a Yuli da farkon Agusta tun ba su yi ƙaya ba, gama kowane gindi da aka bari ya nuna zai zubar da 'ya'yan da za su dame ku baɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da kaka, in an kawar da amfanin gona aka saki dabbobi, awaki za su zo, su kuwa har gindi suke gwaguya, saboda haka shinge ya zama dole. Kada a cinna wa fili wuta da rani da sunan shara, busasshen ganyen nan shi ne mayafin da ke kare gindi daga rana da iskar hunturu. Wajen zana layi kuma a yi da toka ko farar ƙasa, kada a zuba baƙin mai, yana kashe ciyawa ya lalata ƙasar. Darbejiya tana da daɗin inuwa ga 'yan kallo, amma a dasa ta can gefe, don kirikiri ba ta yin kyau a inuwa.

Wataƙila wani zai ce, me zai hana a shimfiɗa ciyawar roba a huta? An fara sa ta a babban fili a birnin Houston na Amurka a 1966, yanzu kuma akwai ta a filaye da dama a Nijeriya. Ba ta neman yanka ko taki. Amma tana da tsada ƙwarai, tana tsufa a sake ta, kuma a ranar bazara irin ta Dutse takan ɗauki zafi fiye da ciyawa mai rai nesa ba kusa ba.

Abin yi

Ku sami manyan gwangwanaye biyu masu zurfi, ku huda gindinsu, ku cika su da ƙasar filinku, ku dasa kirikiri a kowanne. Bayan ta kama, na farko ku riƙa yayyafa masa ruwa kaɗan kowace safiya. Na biyu ku ba shi har ruwa ya ɗigo ta gindi, amma sau ɗaya a kwana uku. Bayan mako shida ku zazzage su a hankali, ku wanke saiwoyin, ku auna su da rula, ku rubuta abin da kuka gani.

Ku auna tsawo da faɗin filin makarantarku, ku lissafta jarka nawa zai sha a yini ɗaya na bazara. Sa'an nan ku zana taswirarsa a littafinku, ku sa alama a duk inda ciyawa ta ƙare, ku kawo wa malam dalilin da kuke tsammani ya kashe ta a kowane wuri.